HANNUN LIKITA KO NA'URA: ME YA WAJABA A KANMU GA WANDA ƘAFA TA GAZA MASA?



Duk wanda ya san kwarin Rima ya san cewa mutanen wannan ƙasa da gwiwa suke neman abinci. Manomin shinkafa a fadamun Argungu da Birnin Kebbi yakan wuni a duƙe, tun daga dashe har yanka. Masunci yakan tsaya cikin ruwa da homa a hannu, taɓo yana riƙe masa ƙafa. Uwar gida takan tsuguna a bakin murhu, ta tashi ta ɗebo ruwa, ta sake komawa. Ko a majami'a ma, sa'ad da lokacin durƙusawa ya yi, kowa yana ganin tsofaffin da suke dafa benci suna cije baki. Saboda haka ranar da gwiwa ko kwatangwalo ya gaza wa mutum ɗaya, gidan gaba ɗaya yakan ji a jikinsa.

A 'yan shekarun nan wani sabon zance ya shigo gidajenmu ta wayar hannu. Asibitocin Indiya da Masar da Dubai suna talla cewa suna da mutum-mutumi mai sauya wa mutum gwiwa ba tare da kuskure ba. Sai 'ya'ya su taru a kan ciwon mahaifiyarsu, ɗaya ya ce a kai ta Kano likita ya yi mata aiki yadda aka saba, wani ya ce sam, tun da akwai abin da ya fi, ko gona za a sayar sai an kai ta inda na'ura take. Wanda ya ce a tsaya gida yakan ji kamar ya yi wa uwarsa rowa. Wannan gardama ta shafi lamiri, kuma ta raba kan 'yan'uwa a gidaje da dama. Bari mu dube ta a natse, mu fara da sanin abin da ake gardama a kansa.

Yadda aikin yake

A inda ƙashi biyu suka haɗu akwai guringuntsi mai santsi wanda yake hana su gugar juna. Da tsufa, ko nauyin jiki, ko tsohon rauni, guringuntsin yakan cinye har ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. Shi ne ciwon da yake hana barci, ƙafa kuma ta soma gwamewa. A ƙasarmu akwai wani sanadi da ba ya jiran tsufa, wato sikila. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da irin cutar a jininsa, kuma an ƙiyasta cewa ana haifar jarirai wajen 150,000 da ita kowace shekara. Cutar takan toshe ƙananan jijiyoyin da ke kai jini kan ƙashin cinya, sai ƙashin ya mutu ya lotse. Shi ya sa za ka ga saurayi ɗan shekara ashirin da biyar yana ɗingishi kamar dattijo. Haɗarin kabu-kabu da faɗuwar tsofaffi su ma suna karya kwatangwalo.

Idan magani da sanda da motsa jiki suka kāsa, sai likita ya yanke wurin da ya lalace ya sa na ƙarfe da roba. Wanda ya kafa wannan aiki a kan turbarsa shi ne wani likitan Ingila, John Charnley, a asibitin Wrightington. Labarinsa yana da darasi. Da fari ya yi amfani da wata roba mai suna Teflon a jikin mutane wajen 300, amma cikin 'yan shekaru robar ta cinye, ya zama dole ya sake buɗe su ya cire ta. A watan Nuwamba na 1962 ya koma ga wata roba mai ƙarko, aikin kuwa ya yi kyau. Duk da haka bai yi gaggawar baza shi duniya ba. Ya ɗauki shekaru yana bin sawun waɗanda ya yi wa aiki, kuma da fari bai yarda a sayar da kayan ga likitan da bai zo ya koya a wurinsa ba. Ita kuwa gwiwa, irin da ta zama uwa ga waɗanda ake sawa yanzu an ƙera ta a birnin New York a 1974.

Duk waɗannan da hannu ake yinsu. Likita yana da ma'aunai na ƙarfe da yake ɗorawa a kan ƙashi, su nuna masa inda zarto zai bi, sa'an nan ya gwada da ido da hannu ko ƙafar ta miƙe, ko jijiyoyi sun yi daidai. Ta wannan hanya aka yi wa miliyoyin mutane aiki. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa cikin gwiwoyi 100 da aka sauya gaba ɗaya, kimanin 82 suna nan suna aiki bayan shekara 25, a kwatangwalo kuwa kimanin 58. A arewacin ƙasarmu, asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, ya daɗe yana yin waɗannan ayyuka.

Abin da na'urar take yi

Kalmar mutum-mutumi tana ruɗin mutane. Wasu suna zaton wani ƙarfe ne mai kai da ƙafa zai shigo ɗakin tiyata ya sallami likita. Yawancin na'urorin yau hannu ne guda na ƙarfe haɗe da kwamfuta. A irin wadda ta fi yaɗuwa, mai suna Mako, akan ɗauki hoton ƙashin mara lafiya da na'urar hoto ta musamman kafin ranar aiki, a zana tsarin yankan a kwamfuta. Ranar aiki likita ne yake tsaga fata, ya kafa wasu ƙusoshi a ƙashin cinya da na ƙwauri domin na'urar ta san inda ƙafar take, shi ne kuma yake tura zarton. Aikin hannun ƙarfen shi ne ya tsare zarton kada ya wuce iyakar da aka zana.

Na'ura ta fari mai suna ROBODOC wani likitan dabbobi, Howard Paul, da likitan ƙashi, William Bargar, suka ƙirƙiro ta a jihar Kalifoniya ta Amurka. Sun gwada ta a kan karnuka, sa'an nan a 1992 aka yi wa mutum na farko aikin kwatangwalo da ita a birnin Sacramento. Daga 1994 asibitocin Jamus suka rungume ta, dubban mutane suka bi layi. Bayan 'yan shekaru wasu suka fito suna ɗingishi, suna kukan cewa an lalata musu tsoka, aka shiga kotuna, asibitocin kuma suka jingine na'urar. Masu ƙira suka koyi darasi suka fito da sababbi. An yi aikin farko da Mako a 2006, kuma a 2013 kamfanin Stryker ya sayi kamfanin da ke ƙera ta a kan dala biliyan 1.65. Wannan adadi ya isa ya nuna mana cewa akwai kasuwa babba a bayan tallan da muke gani a waya.

To, me bincike ya nuna? A kan abu ɗaya masana sun yarda: na'ura ta fi hannu daidaita yanka. Ƙafafun da suke kaucewa daga layin da aka nufa sun fi ƙaranci idan an yi da ita, kuma a kwatangwalo tana taimakawa wajen zaunar da kwaf ɗin daidai da daidaita tsawon ƙafafu biyu. Wasu nazarce-nazarce sun kuma ga sauƙin zafi a kwanakin farko. Amma abin da mara lafiya yake so ya sani shi ne ko zai fi tafiya da kyau bayan shekara goma, ko ƙarfen zai fi daɗewa. A Koriya ta Kudu an raba marasa lafiya wajen 1,400 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka yi wa rabi da na'ura, rabi da hannu, aka bi su fiye da shekara goma. Sakamakon da aka buga a 2020 bai nuna bambanci ba, ko a tafiya, ko a ƙarkon ƙarfen. Masu goyon bayan na'ura suna cewa wadda aka gwada a can tsohuwar ƙira ce, sababbi sun fi ta. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, sai dai sababbin ba su kai shekarun da za su ba da irin wannan shaida ba tukuna, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai.

Akwai kuma abin da talla ba ta faɗa. Ramin ƙusoshin yakan zama ƙofar ƙwayoyin cuta ko karaya, ko da shi ke ba kasafai ba. Aikin yakan ɗauki lokaci fiye da na hannu sa'ad da likita yake koyon na'urar. Kuma tun da daɗewa an sani cewa kimanin mutum ɗaya cikin biyar da aka sauya musu gwiwa ba sa gamsuwa da ita sarai, ko da hoton ƙashi ya nuna kome ya zauna daidai. Jikin ɗan Adam ya fi ma'auni zurfi.

Alhakin yana wuyan wa?

Tun ranar da mutum ya fara ɗaure dutse a bakin sanda yake ƙara wa hannunsa ƙarfi da kayan aiki. Basirar yin haka baiwa ce, ba kuwa abin tsoro ba. Kakanninmu da jigo suka yi ban-ruwa a fadama, yau injin ne yake jawo ruwa, babu kuma mai hankalin da zai ce a koma jigo. Amma manoman rani sun san cewa injin bai san lokacin da shinkafa take son ruwa ba. A hannun wanda bai iya noma ba, sai ya fi jigo saurin kashe gona. Sun kuma san cewa ranar da mai ya yi tsada, kamar yadda ya faru bayan cire tallafi a 2023, ko ranar da ya lalace babu makaniki kusa, wanda ya dogara gare shi kaɗai yakan zuba wa gonarsa ido tana ƙonewa.

Haka yake a ɗakin tiyata. Na'ura tana bin tsarin da aka ba ta. In tsarin ya karkace, za ta yanka karkataccen wuri daidai wa daida. Ba ta iya cewa wannan tsohuwa zuciyarta ba za ta ɗauki aiki ba, ko wannan saurayi mai sikila yana bukatar a tanadi jini a kuma kula da iskar numfashinsa fiye da kowa. Ba ta iya cewa wannan ciwo daga baya yake saukowa, gwiwar ba ta da laifi. Hukunci mafi nauyi a wannan aiki shi ne a yi ko kada a yi, kuma mutum ne yake yanke shi. Na'ura ba ta da lamiri, ba za ta tsaya gaban iyali ta ba da amsa ba. Saboda haka alhaki bai matsa ko taƙi ɗaya daga wuyan likita ba. Har ma akwai sabon nauyi a kan masu koyar da likitoci, gama idan matasa suka tashi ba su iya aikin da hannu ba, ranar da wuta ta ɗauke ko kwamfuta ta tsaya a tsakiyar aiki, mutumin da ke kwance a buɗe shi zai biya.

Abu na farko da mara lafiya yake da hakki a kansa shi ne gaskiya. A 2006 babbar kotun tarayya ta Jamus, a wata shari'a kan ROBODOC, ta kafa ƙa'ida cewa likitan da zai yi amfani da sabuwar hanya dole ya gaya wa mara lafiya sarai cewa sabuwa ce, kuma tana iya ɗauke da haɗarin da ba a gano ba tukuna. Abin da kotu ta faɗa, lamiri ya riga ya sani. Mai ciwo yana zuwa wurin likita a raunane, bai san abin da likita ya sani ba, zafi kuma ya sa shi shirye yake ya gaskata duk wanda ya yi masa alkawarin sauƙi. Wanda ya yi amfani da wannan rauni domin ya sayar da abin da ya fi kawo riba ya ci amana, ko likita ne, ko dillalin da yake karɓar la'ada a kan kowane mara lafiya da ya tura waje. Faɗin rabin gaskiya ma, kamar a ce na'ura ta fi daidai a yi shiru a kan sauran, yana cikin shaidar zur.

Ƙauna da tsada

Mu koma ga 'ya'yan nan da suke gardama a kan mahaifiyarsu. Girmama iyaye umarni ne, kuma ɗan da yake cewa ko nawa ne zai biya, zuciyarsa tana wuri mai kyau. Amma a ƙarƙashin maganarsa akwai wani zato da ya kamata a tone, wato cewa yawan kuɗin da aka kashe shi ne ma'aunin ƙauna, wanda ya zaɓi mai sauƙi kuma ya rage wa uwarsa daraja.

Ikilisiya ta daɗe da yin tunani a kan wannan. A watan Nuwamba na 1957 Paparoma Pius na 12 ya yi wa taron likitoci jawabi, inda ya koyar cewa abin da ya wajaba a kan mutum wajen kiyaye rai da lafiya shi ne hanyoyin da aka saba, gwargwadon halin mutumin da wurinsa da zamaninsa, waɗanda ba su ɗora wa shi ko wani kaya mai nauyin gaske ba. A 1980 fadar Vatikan ta ƙara bayani cewa a auna irin maganin, da haɗarinsa, da tsadarsa, a gwada su da amfanin da ake sa rai, kuma ba laifi ba ne mutum ya wadatu da maganin da aka saba, ko ya ƙi jefa iyalinsa cikin kashe kuɗin da ya wuce kima. An faɗi waɗannan ne a kan batun rai da mutuwa. In haka ne a can, balle a zaɓi tsakanin hanyoyi biyu na aiki ɗaya waɗanda har yanzu ba a nuna ɗaya ta fi ɗaya a ƙarshe ba.

Shugabannin Ikilisiya biyu sun ɗanɗana wannan a jikinsu. A watan Afrilu na 1994 Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya zame ya faɗi a masaukinsa, ƙashin cinyarsa ta dama ya karye kusa da kwatangwalo. Likitocin asibitin Gemelli a Roma suka sa masa na ƙarfe da hannuwansu. Ya koma dogara sanda, amma da wannan ƙafa ya sauka Nijeriya a watan Maris na 1998. Paparoma Francis kuwa, da ciwon gwiwa ya tsananta masa a 2022, ya ce ba ya son tiyata, domin maganin barcin da aka ba shi a aikin hanji na 2021 ya wahalshe shi. Ya hau keken marasa lafiya, a kansa ya ziyarci Kwango da Sudan ta Kudu a 2023, ya ci gaba da hidima har rasuwarsa a 2025. Ɗaya ya karɓi aiki, ɗaya ya ƙi, kowannensu ya auna halinsa, babu kuma wanda darajarsa ta ragu.

Sai mu yi lissafi irin na gida. Gonar fadamar da za a sayar, ita ce abincin jikoki da kuɗin makarantarsu. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, har dala ɗaya ta haura naira 1,400 a 2024, kuɗin jirgi da masauki da na ɗan rakiya sun ninka. Kuma aikin ba ya ƙarewa ranar da aka ɗinke fata. Akwai makonni na motsa gwiwa a hannun masu gashin ƙashi, akwai duba ciwo, akwai komawa wurin likita. Idan bayan wata uku wurin ya kumbura ya soma ruwa a Argungu, likitan da ya yi aikin yana hayin teku, kuɗin kuma ya ƙare. Uwar da aka yi wa aiki a kusa, aka bar abin da za a yi jinyarta da shi, 'ya'yanta suna kewaye da ita, sau da yawa ta fi samun kulawa. Wanda Allah ya buɗa masa, zai iya biya ba tare da ya tauye kowa ba, bai yi laifi ba in ya zaɓi na'ura a hannun ƙwararre. Abin da ba daidai ba shi ne a sa matalauci ya ji ya yi zunubi don bai bi sawun mai kuɗi ba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Ita ma mai ciwon a tambaye ta. Sau da yawa 'ya'ya sukan yanke shawara a zaure, uwar tana ɗaka ba ta san abin da ake ƙullawa ba. Jikinta ne, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. A gaya mata cewa mutane da yawa da aka sauya wa gwiwa sukan sha wuyar durƙusawa da tsugunawa, wanda aka sauya wa kwatangwalo kuma akan gargaɗe shi a kan zama ƙasa sosai, musamman a watannin farko. Ga mutanen da suke zama a tabarma, suke kewayawa a masai na tsuguno, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma babu na'urar da ta kawar da shi.

Dukiyar jama'a

Tambayar tana da wata fuska da ta wuce gida ɗaya. Na'ura irin wannan takan kai dala miliyan ɗaya ko fiye, wato sama da naira biliyan ɗaya, ban da kuɗin kula da ita kowace shekara da kayan da ake yarwa bayan kowane aiki. Idan asibitin kuɗi ya saya da dukiyarsa, wannan lissafinsa ne. Amma idan daga baitulmali za a fitar, kowane ɗan ƙasa yana da bakin magana.

A 2015 wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya ƙiyasta cewa mutane biliyan 5 a duniya ba su da hanyar samun tiyata mai aminci da za su iya biya. A ƙasarmu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun masu ciwo yake fitowa, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu domin lafiya, gwamnatin tarayya kuwa ba ta kai wannan mizani ba. A irin wannan hali, mai ciwon kwatangwalo a ƙauyukan Gwandu ko Augie ba daidaiton milimita ɗaya ne ya tsaya masa ba. Abin da ya tsaya masa shi ne kuɗin mota, da kuɗin hoto, da kuɗin ƙarfen kansa. Shi ya sa mutane da yawa sukan ƙare a wurin maɗori. Maɗora suna da gwanintarsu a kan wasu karaya, amma kan ƙashin cinya da ya karye a cikin gaɓa ko ya mutu ba ya jin ɗori, ɗauri mai tsanani kuma ya sha jawo a yanke hannu ko ƙafa.

Wani zai ce, ashe mu kullum a baya za mu zauna? Ashe talaka bai cancanci abu mai kyau ba? Wannan tambaya ce mai nauyi, kada a raina ta. Da an bi ta masu cewa a jira, da har yau babu na'urar hoton ƙashi a asibitocinmu. Ya dace manyan asibitocin koyarwa su sa ido a kan wannan fasaha, su tura likitoci su koya, gama wata rana za ta yi araha kamar yadda wayar hannu ta yi. Amma akwai tsari a cikin adalci. Kuɗin na'ura ɗaya zai iya sayen ƙarafan gwiwa da kwatangwalo na ɗaruruwan mutane, ko ya horar da likitoci da ma'aikatan jinya, ko ya tabbatar da wuta da ruwa da tsabtar ɗakin tiyata. Charnley kansa ya gane cewa ƙwayar cuta ita ce babbar abokiyar gaban wannan aiki, har ya sa aka ƙera masa ɗaki mai tace iska. Na'urar biliyan a ɗakin da babu tabbacin tsabta, ko inda za a jira injiniya daga wata ƙasa in ta tsaya, ado ne kawai ga masu yanke kintinkiri. Shugaban da yake son a tuna da shi, ya fara da abin da zai tashi mutane mafi yawa tsaye.

Abin da za mu iya yi

Mai ciwon gaɓa kada ya zauna yana haɗiyar ƙwayoyin kashe zafi na kemis wata da watanni. Suna cin ciki da ƙoda, wasu gaurayen magunguna kuma suna ɗauke da sinadarin da shi kansa yake kashe kan ƙashin cinya. Ya je babban asibitin Argungu, ko asibitin Sir Yahaya, ko asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi a duba shi, in ya kama a tura shi asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko Dala. Ba kowane ciwon gwiwa ne yake bukatar wuƙa ba. Rage ƙiba, ƙarfafa tsokar cinya da riƙe sanda sun ɗage wa mutane da yawa ranar tiyata. Matasa masu shirin aure kuma su ɗauki gwajin jini da muhimmanci, gama rigakafi ya fi magani.

Idan aiki ya zama dole, a gida ko a waje, iyali su yi wa likita tambaya ba tare da jin kunya ba. Sau nawa yake yin irin wannan aiki a shekara? Wane irin ƙarfe zai sa, kuma akwai kayan gyaransa a Nijeriya? Nawa ne kuɗin gaba ɗaya, har da jinya? In matsala ta taso bayan an koma gida, wa za a nema? In an ce da na'ura za a yi, me za ta ƙara wa wannan mara lafiya musamman, kuma in ta tsaya, likitan zai iya ƙarasawa da hannu? Likitan kirki ba ya fushi da irin waɗannan tambayoyi. A kuma bincika rajistar inshorar lafiya tun ana lafiya, gama dokar 2022 ta wajabta ta ga kowane ɗan ƙasa, a tambaya sarai abin da take biya da abin da ba ta biya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu kuma a matsayin jama'a, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zumuntar mata da ƙungiyoyin matasa za su iya sanin tsofaffin da suka daina zuwa sujada saboda ƙafa, su ziyarce su. Za a iya ajiye sanduna da keken marasa lafiya guda biyu ko uku na aro, a gyara matakalar majami'a, a kafa wa wanda aka yi wa aiki kujerar bayan gida, a samu masu ba da jini ranar tiyata. Maƙwabcinmu Musulmi da gwiwa ta hana shi zuwa masallaci, shi ma yana cikin waɗanda za a leƙa. Kuma kada kowa ya kalli wanda ya zauna a lokacin durƙusawa da idon zargi.

A ranar 11 ga Fabrairu, wadda Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya keɓe tun 1992 domin marasa lafiya, mu tuna da masu ciwon gaɓa a cikin addu'o'inmu, tare da likitoci da masu jinya da masu ƙera kayan aikinsu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba iyalansu haɗin kai da hikimar yanke shawara. Amin.